Daga Abu Ja Zuwa Ruwan Omo: Sunayen Launukanmu Da Abin Da Muke Shirin Zubarwa



Kwanakin baya ana shirin bikin ƙanwar maiɗakina a nan Suleja, mata sun cika tsakar gida ana ta gardamar anko. Kowacce da wayarta a hannu, ana miƙa wa juna hotunan atamfa da leshi. Wannan ta ce a ɗauki finki, waccan ta ce burawun ya fi kyau a hoto, wata ta ce ita dai in ba girin ba ne kada a sa da ita. Gwaggonmu, wadda ta haura saba'in, tana gefe kan tabarma tana tsinkar zogale, ba ta ce uffan ba. Da surutun ya ishe ta sai ta ɗago ta ce, "Ku ɗauki ruwan makuba mana, ku yi masa ɗankwali ruwan ɗorawa. Ba ya nuna dauɗa, kuma yana karɓar baƙa da fara."

Wuri ya yi tsit. Sai 'yata mai shekara goma sha biyu ta ce, "Gwaggo, mene ne kuma makuba?"

Gwaggo ta dube ta ta ce, "Ke kishiya, a ɗakin da aka daɓe da makuba aka haifi ubanki, yau ke ce mai tambayata?"

Aka miƙa mata waya ta nuna da yatsa, ashe burawun ɗin nan ne mai duhu da aka yi rabin awa ana jayayya a kansa. Aka fashe da dariya, ni ma na dara. Amma abin bai bar raina ba. A tsakar gidan nan akwai mata sun kai goma sha biyar, duk da Hausa suka buɗe baki, amma waɗanda suka gane maganar Gwaggo ba su wuce uku ba.

Abin da nake son faɗa a wannan rubutu guda ɗaya ne. Sunayen launi na Hausa taska ce: kusan kowane ɗaya yana ɗauke da wata bishiya, ko wata sana'a, ko wata hanyar fatauci da kakanninmu suka bi. Aron kalma ba laifi ba ne, tun da can muna yi. Inda muka yi sake shi ne mun daina raɗa wa launi suna da kanmu, mun koma haɗiye na wasu ba tare da taunawa ba. Kuma wannan gyara ne da ke hannunmu, ba sai mun jira gwamnati ba.

Mu fara daga gida, domin mu mutanen Suleja mun fi kowa haƙƙin yin wannan magana. Sunan garinmu kansa akwai launi a cikinsa. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, ya yo kudu da jama'arsa zuwa ƙasar Koro da Gwari. Bayan an kashe shi a yaƙi kusa da Lapai a 1825, ɗan'uwansa Abubakar ya gaje shi, shi ne kuma ya kafa garin nan a 1828. Mutum ne mai hasken fata, shi ya sa ake ce masa Abu Ja, garin kuma ya ci sunansa: Abuja. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya, aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, namu kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. An sauya Abu da Sule, amma ja ɗin bai bar mu ba. Yau duk jakadan da ya sauka a Nijeriya, da duk jaridar duniya da ta ambaci babban birnin ƙasar nan, kalmar launi ta Hausa suke furtawa, ko sun sani ko ba su sani ba. Yara nawa ne a Suleja aka taɓa gaya wa haka?

Wannan ja ɗin yana cikin manyan launuka uku na Hausa: fari, baƙi, ja. Su ne tsofaffin gida. Babu wani abu da za ka nuna ka ce daga gare shi aka samo sunansu. Kuma su ne suka fi shiga jinin harshen. Dubi yadda muke magana: farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, farar hula, baƙar magana, baƙar wahala, jan aiki, jan hali, jan wuya. Maƙera suna raba ƙarfe da su: baƙin ƙarfe, farin ƙarfe, jan ƙarfe. Manomi ya san jar ƙasa da baƙar ƙasa, uwargida ta san jar miya da jar kanwa. Kowanne kuma yana da kalmar da ke ƙarfafa shi, wadda ba a ba wani aro. Fari fat ko fari sol, baƙi ƙirin ko baƙi wuluk, ja wur ko ja zur. In launin bai cika ba sai a ninka kalmar: fari-fari, baƙi-baƙi, jaja-jaja.

Wannan tsari ba namu ba ne mu kaɗai. A 1969 wasu masana biyu a Amurka, Brent Berlin da Paul Kay, sun fitar da littafi bayan sun kwatanta sunayen launi a harsuna kusan ɗari. Abin da suka gano shi ne, harshen da yake da manyan kalmomin launi biyu kacal, fari da baƙi ne. In uku ne, na ukun ja ne. Daga nan kore ko rawaya su biyo baya, sannan shuɗi. Masana da suka zo bayansu sun yi wa wannan ra'ayi gyare-gyare, amma duk Bahaushen da ya ji shi zai ga ya yi daidai da abin da ke bakinsa.

To sauran launukan fa, yaya Bahaushe ya yi da su? Nan ne hikimar take. Sai ya ƙera wata 'yar dabara mai sauƙi: ya ɗauki kalmar "ruwa", ya jingina ta da abin da kowa ya sani. Ruwan toka. Ruwan ƙasa. Ruwan goro. Ruwan ƙwai. Ruwan zuma. Ruwan hanta. Ruwan madara. Ruwan ganye. Ruwan zinare da ruwan azurfa. Ba ka bukatar malami ya fassara maka. In ka taɓa ganin murhu ka san ruwan toka, in ka taɓa tsayawa gaban mahauci ka san ruwan hanta. Hatta launin fatar mutum haka aka yi masa: wanda ba fari ba kuma ba baƙi ba, sai a ce wankan tarwaɗa ne. Duk wanda ya taɓa riƙe tarwaɗa ya gane nan take.

Mu koma kan maganar Gwaggo. Ruwan ɗorawa da ruwan makuba duk daga bishiya ɗaya suka fito. In ka ɓare ɗan ɗorawa za ka tarar da gari mai zaƙi, rawaya shar, wanda yara ke sha har ya ɓata musu baki. Shi ne ruwan ɗorawa. Ƙwayar da ke ciki, kalwa, ita ake dafawa a yi daddawa. Ɓawon kuma ba a zubarwa: ana jiƙa shi, ruwan ya yi duhu, shi ne makuba, wanda ake yayyafawa a daɓen ɗaki da jikin bango don ya yi ƙarfi ya jure ruwa. Masu ginin tukwane na ƙasar Gwari su ma suna yayyafa ruwan ɓawon ɗorawa a jikin tukunya tana da zafi, da zarar an fito da ita daga wuta, ya toshe ta ya kuma ba ta launi. A cikin wannan sana'a Ladi Kwali ta taso, kafin ta shigo cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a garin nan a farkon shekarun 1950. Ta shiga a 1954, yau hotonta ne a bayan takardar naira ashirin. Ka ga ke nan yarinyar da ta san ma'anar ruwan makuba ta san bishiya, ta san yadda aka gina ɗakin kakarta, ta kuma san wani abu game da matar da ke jikin kuɗin da take sayen alewa da shi. Wadda ta san burawun kawai, launi ta sani, shi ke nan.

Haka rawaya. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka kalmar launi ce tun asali, alhali sunan wani tsiro ne na daji mai fure, wanda ake tono saiwarsa a daka a samu rini, a kuma sa a miya da magani. Tsiron ne ya ba launin suna. Ruwan goro kuwa launin da goro ke bari ne a baki bayan an tauna. Goro ba ya tsira a ƙasar Hausa ta arewa, fatake ne suka riƙa takawa wata da watanni zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, suna kai kanwa da tufafi da fata suna dawowa da shi a kan jakuna. Duk wannan tafiya tana kwance a cikin kalmomi biyu. Dukawa kuma suna da karan dafi, wata irin dawa da ake nomawa don jan rinin da ke jikin karanta. Da shi ake rina fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta ratsa Sahara har ta isa Turai, can aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta tashoshin Arewacin Afirka ta bi.

Babban labarin dai na shuni ne. Shuɗi, shuni, shunayya: kunne kansa yana jin 'yan ɗaki ɗaya ne. Ana samun shuni daga ganyen baba. Marina suna zuba shi a rami mai zurfi tare da ruwa da toka, a bar shi kwanaki ya ruɓa. Abin mamakin shi ne, in aka tsoma farin zane aka ciro, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka. A sake tsomawa ya ƙara duhu, a yi ta maimaitawa har ya kusa zama baƙi. Daga nan a kai mabuga, a zuba masa garin shuni a buge shi da kulki har ya riƙa walƙiya. Shi ya sa tsofaffin masu sayar da tufafi ke da babbar riga da suke kira kore, alhali ba launin ganye gare ta ba, baƙar riga ce mai sheƙi da ta sha baba ta sha bugu.

Wannan sana'a ita ce ta ɗaga Kano. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yau tana nan ana aiki. Da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannun tufafin birnin suna kaiwa har Tambutu ta yamma, da Gat da Tarabulus ta arewa. Garin Kura ya yi suna da turkuɗi, baƙin rawani mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa, wanda shuninsa ke zuba a fatarsu har Turawa suka riƙa ce musu shuɗɗan mutanen hamada. Yanzu ka tambayi kanka, me ya sa har gobe muke ce wa attajirai "masu hannu da shuni"? Domin an yi zamanin da shuni a hannu alamar dukiya ce. 'Yan jarida suna faɗar wannan kalma kullum a rediyo, matasa suna rubuta ta a Facebook, amma kaɗan ne suka taɓa ganin shunin da idonsu. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, mai araha da saurin kamawa. Sannu a hankali shi da yadin kanti suka ci kasuwar marina, ramuka suka yi ta cikewa da shara a garuruwa da dama. Sana'ar ta ja baya, kalmar ta tsaya.

Ko a hawan sallah akwai darasi. Barayin sarki ba sa cewa farin doki da baƙin doki kawai. Suna da kili, akawal, danda, bidi, hurde, gunya da bikili, kowanne da irin gashinsa. Yaron da ke kallon hawa a ƙofar fada yau, in ka tambaye shi, doki dai doki ne.

Wani zai ce ai wannan duk alamar ƙauyanci ce, harshen da ya ci gaba ba ya kiran launi da sunan toka da goro. To bari mu leƙa gidan waɗanda muke ara daga wurinsu. Kalmar Ingilishi ta ruwan lemo sunan lemon ne kansa. Ta taso daga Indiya, ta bi ta Farisa, ta shiga Larabci a matsayin "naranj", sannan ta isa Turai, kuma sai a ƙarni na 16 Ingilishi ya fara amfani da ita a matsayin launi. Finki sunan wani fure ne. Kalmarsu ta shuni ma'anarta "abin Indiya", domin daga can yake zo musu. Majenta sunan wani gari ne a Italiya inda aka gwabza yaƙi a 1859, shekarar da sabon rinin ya shigo kasuwa. Larabawa suna ce wa ruwan toka "ramadi", daga "ramad", wato toka, daidai da namu. Ruwan ƙasa suna ce masa "bunni", daga ƙwayar gahawa. Ruwan lemo kuma "burtuƙali", daga sunan ƙasar Fotugal. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne kaki. Kalmar Farisa ce da ta shiga harshen Urdu, ma'anarta ƙura ko ƙasa. Sojojin Ingila suka ɗauko ta a Indiya a ƙarni na 19, suka kawo mana ita a jikin kayan soja da na ɗan sanda. Wato kaki dai ruwan ƙasa ne da ya zagayo duniya ya dawo mana da hular gwamnati. Kowa da abin da ke gabansa ya raɗa wa launi suna. Bambancin kawai, nasu sun yi nisa da asalinsu har ba a gane su, namu kuwa har yanzu ana ganin fuskar uwar a jikin ɗan.

Kuma kada wani ya ɗauka ina kira ne a rufe ƙofa. Kalmar "launi" kanta daga Larabci muka aro ta, "kala" kuma daga Ingilishi. Iyayenmu mata ba su ji tsoron sabon abu ba. Da hodar shafawa ta zo, suka dubi launinta suka ce ruwan hoda. Da bular wanki ta zo, wadda ake sa wa fararen kaya, suka ce ruwan bula. Da garin sabulun Omo ya shigo da shuɗin garinsa, suka ce ruwan omo. Da aka fara gini da bulo, magina suka ce ruwan siminti. Hoda da bula da siminti duk baƙin kalmomi ne, amma an zaunar da su a kan tabarmar Hausa, an ba su ruwa sun sha. Wannan shi ne aron mai hankali. Abin da muke yi yanzu daban ne. Muna ɗauko burawun mu ajiye a inda ruwan ƙasa, ruwan makuba, ruwan hanta da ruwan zuma suke zaune, mu kori huɗu mu zaunar da ɗaya, sannan mu ce mun waye. In mace ta ce wa tela burawun, dole ya sake tambaya, wane iri? In ta ce ruwan makuba, magana ta ƙare, in dai telan ya san makuba.

Na san akwai masu uzuri, kuma uzurinsu ba na banza ba ne. Suleja gari ne na kowa da kowa. A kasuwa kana ciniki da Bagwari, Banufe, Bayarabe da Ibo, dubban mutane kuma suna kwana a nan su wayi gari a wurin aiki a Abuja. In mai shagon yadi bai ji ruwan hanta ba, dole ka faɗa masa da harshen da zai gane. Yaro kuma zai rubuta jarrabawa da Ingilishi. Mai sayar da fenti yana aiki da lamba a jikin gwangwani, ba da sunan bishiya ba. Duk na yarda. Amma ba a kasuwa abin ya faru ba, a tsakar gidanmu ne, tsakanin Bahaushiya da jikarta. Kan yaro ba ƙoƙo ba ne da zai cika in an zuba masa kalma biyu. Yaran garin nan da yawa suna jin harshe uku kafin su gama firamare. Wanda ya iya riƙe sunayen 'yan ƙwallon Turai goma sha ɗaya da masu jiran canji ba zai gaza riƙe ruwan goro ba. Ba a gaya masa ba ne kawai.

Akwai kuma abin da ya fi kalma. A da, in manomi yana sharar gona, yakan bar ɗorawa da kaɗanya a tsaye, domin ya san amfaninsu. Yau duk mai bin hanyar Minna ko ta Kaduna yana ganin buhunan gawayi jere a bakin titi, kuma unguwannin da muka sani da gonaki sun zama gidaje. Yaron da bai taɓa jin sunan ɗorawa ba, ranar da aka zo sare ta ƙarshe a unguwarsu ba zai ji komai ba. Suna shi ne igiyar farko da ke ɗaure mutum da abu. In ta tsinke, sauran ba su da wuyar kwancewa.

To mene ne abin yi? Ba wani jan aiki ba ne.

Na farko, a gida. In za ki aiki yarinya ta ɗauko miki mayafi, ki ce mai ruwan toka. In ta tsaya tana kallonki, ki nuna mata murhu ko kaskon turare. Sau biyu ya isa. In lokacin ɗorawa ya yi, ka sayo ka ɓare a gaban yara, su ga garin, su ga kalwa, su ga ɓawon.

Na biyu, masu biki. Saƙon anko da ake turawa a WhatsApp da katin gayyata suna shiga gidaje ɗaruruwa. A rubuta ruwan hoda da ruwan zinare. In ana tsoron wasu ba za su gane ba, ai hoton yadin yana tare da saƙon. Teloli da masu shagon atamfa su ma suna da rawar takawa, domin daga bakinsu sunan kala ke yaɗuwa cikin gari.

Na uku, malaman firamare da na rainon yara. Kusan kowane aji akwai allon launuka da Ingilishi a manne a bango. Ba kuɗi ake kashewa ba in an ɗauki alli an rubuta na Hausa a gefe. Malami ya ce kowane yaro ya tambayo kakarsa sunan launi ɗaya da ba ya cikin allon, ya zo da abin da aka samo sunan daga gare shi. Ajin da ke da yaran Gwari da Nupe da Yarabawa, su ma su kawo nasu, kowa ya ƙaru.

Na huɗu, mu ci gaba da ƙirƙira. Dabarar "ruwan kaza" ba ta tsufa ba, mu ne muka ajiye ta. Launukan leshi da shadda da ke shigowa yanzu sun fi na da yawa, kowanne yana jiran suna. Me zai hana ja mai duhu ya zama ruwan zoɓo? Ga ruwan kankana, ruwan gwanda, ruwan manja, ruwan kunun aya. Wanda ya yi daɗi a baki zai zauna, wanda bai yi ba zai faɗi da kansa. Haka ruwan omo ya samu shiga, babu kwamitin da ya zauna a kansa, wata mata ce ta faɗa wata ta maimaita.

Na biyar, mu tambayi tsofaffinmu tun suna raye. Duk mai kaka a gida, ko tsohon baduku, ko marini, ko mai kula da doki a unguwa, ya zauna da shi rabin awa, ya kunna rikodar waya. Akwai sunayen launin zane, na fata, na dabbobi da na ƙasa da ba su cikin kowane littafin makaranta, suna cikin kawunan mutanen da ba za su dawwama tare da mu ba. Abin da aka tara a rubuta, a raba wa makarantun garin nan.

A ƙarshe dai ruwan makuba aka ɗauka a bikin, da ɗankwali ruwan ɗorawa, kamar yadda Gwaggo ta ce. Ranar kamu na ji 'yata tana yi wa ƙawarta bayani, wai kalar ankon daga ɓawon wata bishiya aka samo sunanta, kuma da shi ake daɓen ɗaki. Ƙawar ta ce, "Wace bishiya?" Sai ta juyo ta dube ni. Na yi mata alkawarin zan kai su su gani. Sai da na yi tambaya wajen mutum uku kafin a kwatanta mini inda ɗorawa take a kusa, kuma sai da muka fita bayan gari sosai muka same ta.

Allah Ya bar mu da tsofaffinmu, Ya ba mu kunnen sauraronsu.